Kano Ta Cancanci Kakar Wasan Daɓe

Shekarun baya, a harabar wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, na kalli wani wasan daɓe da ɗalibai suka shirya ranar rabon kyaututtuka. Labarin wani dillali ne da ya karɓi kuɗin haya a hannun mutum uku a kan ɗaki ɗaya, ya ba kowa makulli, su ukun kuma suka iso rana ɗaya: wannan da amarya, wancan da buhunan gawayi, na ukun yana jaye da akuya. Yaron da ya fito a dillalin bai wuce shekara 16 ba, amma ya iya tura hula gaban goshi, ya iya irin rantsuwar nan da ake yi ido yana kallon hanyar gudu. Ana tsakiyar wasa sai wani dattijo daga cikin iyaye ya miƙe, ya nuna yaron da sandarsa ya ce, "Haka suke! Wallahi haka suke!" Wuri ya kece da dariya. Yaron bai daburce ba, ya juyo ya russuna ya ce, "Baba, kai ma akwai wani ɗaki, in kana so." Wannan maganar ba ta cikin takardar da aka ba su su haddace. Dattijon ya zauna yana dariya har yana tari, kuma na ga malamai suna share hawaye da bakin riga.

Tun daga ranar na kalli finafinan camama ba adadi, na kalli gajerun bidiyoyin barkwanci a waya har ido ya yi zafi, amma irin waccan dariyar ban sake samunta ba. Dariya ce ta mutum ɗari uku da suka gane abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya waiwayi na kusa da shi don ya tabbatar shi ma ya gane. Ita nake so a dawo mana da ita, kuma ina ganin hanyar ita ce Kano ta ware lokaci a kowace shekara, sananne kamar lokacin hawan Sallah, wanda ƙungiyoyi za su fito da sababbin wasannin barkwanci a kan dandamali, jama'a su biya kuɗin ƙofa su shiga su kalla.

Abin da nake nufi da kaka shi ne abin da masu kallon ƙwallo suka sani. Akwai ranar buɗewa, akwai jadawali, akwai ranar rufewa, kuma kowa ya san baɗi za a sake. Manyan biranen da suka riƙe wasan dandamali haka suke yi. A birnin New York na Amurka akwai gidajen wasa 41 da ake kira Broadway, kakarsu tana rufewa a ƙarshen Afrilu, a raba kyaututtukan Tony a watan Yuni. A Landan akwai wani wasan ban dariya kan wata ƙungiyar 'yan koyo da komai ke lalace musu a kan dandamali, ƙofa ta ƙi buɗuwa, bango ya faɗo. A 2012 aka fara shi a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke saman wata mashaya, a 2014 ya koma babban gidan wasa a tsakiyar birni, kuma ya haura shekara goma ana yin sa a can. Mu dawo gida. Legas tana da gidan wasan Terra Kulture, inda ake cika kujeru a watan Disamba, tana da bikin wasan kwaikwayo da aka fara a 2013. Jos ma, wadda ba ta kama ƙafar Kano a yawan jama'a ko kuɗi ba, tana da ƙungiyar Jos Repertory Theatre da bikinta. Kano kuwa, cibiyar finafinan Hausa, garin da ya cika da masu iya magana, ba ta da mako ɗaya tak a shekara da mutum zai ce wa iyalinsa su shirya za a je kallon sabon wasa.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce. Wanda duk ya tashi a lungunan Kano ya san ba haka ba ne, domin muna da kakar wasan barkwanci tun kafin Bature ya zo, sunanta tashe. Azumi ya kai goma, an sha ruwa, an yi asham, sai yara su fito. Wannan ya manna auduga a haɓa ya ɗauki sanda ya zama tsoho. Wancan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi. Ga mai magani da jakarsa yana lissafa saiwoyi, ga 'yan mata suna kwaikwayon zaman aure, yadda ake kai wa miji abinci da yadda ake tarbar kishiya. Wasan da na fi so shi ne na malamin da yara suke zargi da yin rawa: yana musu, yana rantsuwa, yana nuna musu irin rawar da suka ce ya yi don ya ƙaryata su, har ya ƙare da yin ta sosai. Duk wanda ya ƙirƙiri wannan ya san sirrin barkwanci ciki da bai, wato mutum ya tona wa kansa asiri da bakinsa yana tsammanin kare kansa yake yi. Ga kuma Nalako, sarkin gwagware, da tawagarsa, wanda gwauro ke jin kiɗansu ya nemi wurin ɓuya. Tashe yana da lokaci, yana da 'yan wasa, yana da kayan shiga, yana da 'yan kallo, yana da lada ta hatsi ko 'yan kuɗi. Abu ɗaya ya rasa, shi ne sabon labari, don wasannin da kakanninmu suka yi su ne dai jikokinsu suke maimaitawa. A 'yan shekarun nan ma, fiye da sau ɗaya, 'yan sanda sun dakatar da tashe a Kano saboda 'yan daba da suke fakewa da shi su yi ƙwace. Na fahimci dalilinsu, amma zuciyata ta sosu, domin an hukunta yaro mai gemun auduga a kan laifin mai wuƙa.

Ba tashe kaɗai ba. 'Yan kama suna ɗaukar waƙar babban mawaƙi ko salon karatun malami su juye shi ya koma zancen tuwo da miya. A ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona samari suna yin kalankuwa, a naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda na wasa, a yi shari'a ana dariya. A Damagaram suna da wasan kara mai kama da haka. A cikin gidan sarauta kansa akwai wasan gauta, inda mata suke shigar maza su kwaikwayi sarki da hakimai da fadawa, tafiyarsu da maganarsu da halinsu. Wannan na ƙarshen ya kamata masu mulkin yau su tsaya su yi tunani a kansa. Sarakunan da suke da dogarai da gidan yari sun bar ƙofa a buɗe a kwaikwaye su a cikin gidansu, saboda sun san akwai gaskiyar da bafade ba zai iya faɗa ba sai mai wasa.

Da ilimin boko ya zo, wannan jinin ne ya hau dandamali. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni, da ya zama malami a Bauci kuma ya ci gaba da sa ɗalibai suna yi, yana caccakar zalunci da cuta ta hanyar ban dariya tun kafin ya hau mumbarin siyasa. Marigayi Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ɗan wasan kwaikwayo ne kafin duniya ta san shi da iya jawabi, kuma duk wanda ya taɓa sauraron yadda yake ɗaga murya ya sauke ta ya san inda ya koyo. Daga baya rediyo da talabijin suka ba mu Samanja, wato Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta barikin soja, suka ba mu Kasimu Yero, suka ba mu Karkuzu a Jos. A Nijar, zamanin Seyni Kountché, gasar wasan kwaikwayo tana cikin bikin matasa na ƙasa, kuma Yazi Dogo da ƙungiyarsa sun sa mutanen Yamai dariya da Hausa shekara da shekaru. Ita kanta masana'antar fim ɗin Kano daga ƙungiyoyin daɓe ta fito, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa. Tumbin Giwa ce ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, daga nan kowa ya ga kaset ya fi kawo kuɗi, aka bar daɓe aka bi kyamara. 'Ya ta girma ta manta da uwa.

Ban zargi kowa da bin abincinsa ba. Kuma bayan kaset akwai abin da ya ƙara danne taron dare gaba ɗaya: harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012 a Kano da shekarun fargabar da suka biyo baya, lokacin da taruwar mutane a wuri ɗaya ta zama abin tsoro. Amma wannan ya wuce, gidajen biki sun cika, gidajen kallon ƙwallo sun cika, filin wasa na Sani Abacha yana cika in Kano Pillars za ta buga. Daɓe ne kawai bai farfaɗo ba.

Na san amsar da matasa za su ba ni: barkwanci bai mutu ba, ya koma TikTok da Facebook. Gaskiya ne, kuma a cikin yaran nan akwai masu baiwar da ko marigayi Rabilu Musa Ibro zai yaba. Sai dai bidiyon minti ɗaya wasa ɗaya yake ɗauka, a yi shi a wuce. Ba ya buƙatar marubuci, ba ya buƙatar a gina hali, a ɗaure labari, a kwance shi. Kuma na'urar da ke zaɓar abin da za ta tura wa mutane ta fi son abin da zai sa a tsaya cak, shi ya sa zagi da tsiraici da cin mutuncin masu lalura suke saurin yaɗuwa fiye da hikima. Mai yin bidiyo ba ya jin shirun 'yan kallo. Ɗan daɓe kuwa in ya saki maganar da ba ta dace ba, nan take zai ga fuskokin iyaye mata sun canja, ya ji zauren ya yi tsit, gobe ba zai sake ba. In kuma wata magana ta kama, zai ji ta a jikinsa, ya san inda zai dakata dariya ta lafa kafin ya ɗora. Wannan tarbiyya ce da babu hukumar da za ta iya ba ɗan wasa. Riƙe mutane awa ɗaya da rabi suna dariya, ba tare da an yanka an haɗa ba, shi ne jarrabawar gaske, kuma masana'antar fim ma za ta amfana da 'yan wasan da suka ci ta.

Abin da ya sa na nace a kan barkwanci, ban ce wasan kwaikwayo kawai ba, shi ne na ga abin da ya faru da ɗan ragowar daɓen da muke da shi. Ya koma hannun masu ba da tallafi. Ƙungiya za ta zo da kuɗi ta ce a yi wasa kan rigakafi ko wanke hannu ko zaman lafiya, a tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa, a fito da jahili ɗaya da mai ilimi ɗaya, mai ilimi ya yi wa jahili lacca, jahili ya tuba. Saƙon yana da kyau, ban musa ba, kuma aikin da Jami'ar Ahmadu Bello ta faro a ƙauyukan Zariya tun shekarun 1970 ya fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, don can manoma ne suke gina labarin da kansu. Amma abin da ya yaɗu daga baya ya koya wa jama'a cewa wasan daɓe magani ne mai ɗaci da ake ba su kyauta. Ba wanda zai sayi tikiti don a yi masa faɗa. Mutum zai biya ne don ya ga kansa da maƙwabcinsa da surukarsa a kan dandamali, faɗakarwar kuma ta shige shi ba tare da an ambaci sunanta ba, kamar yadda ta shigi dattijon nan mai sanda.

Kuma wane gari ne ya kai Kano kayan dariya a yanzu? Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai sayi naira da naira, attajiri ya tsaya yana lallashin yaro mai POS, mai shayi ya koma karɓar tiransifa yana jiran alat kafin ya fasa ƙwai. Ka duba lefe da yadda dangin amarya suke ƙirga atamfa kamar masu binciken kwastan. Ka duba ɗan takarar da ya san sunan kowa a unguwa kafin zaɓe, bayan zaɓe kuma gilashin motarsa ya daina sauka. Ka duba hirar fasinjoji a cikin adaidaita sahu, ko rukunin WhatsApp na dangi inda ake sulhu da faɗa a rana ɗaya. Kowanne a cikin waɗannan wasa ne cikakke yana jiran mai rubutawa. Marubutan ma muna da su. Matan da suka riƙe adabin kasuwar Kano shekara talatin, waɗanda yanzu suke sakin labari shafi-shafi a waya, ba wanda ya fi su kunnen jin yadda ake magana a tsakar gida. A ba su dandamali a gani.

Akwai damuwar da ba zan raina ba, ta malamai da iyaye: cakuɗuwar maza da mata, batsa, da shagala har a bar salla. Ni ma uba ne, kuma ba zan kai 'ya'yana inda zan ji kunya ba. Amma duk waɗannan abubuwa ne da tsari yake magancewa. A fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, ko a fara bayan isha'i a tashi da wuri. A raba wurin zama kamar yadda ake yi a wa'azi da walima. A ware ranakun mata zalla, 'yan wasa mata, 'yan kallo mata, abin da ba baƙo ba ne ga al'ummar da ta san kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida. Abin da ke kan dandamali a gaban idon unguwa ya fi sauƙin tsarewa a kan abin da yaro yake kallo shi kaɗai cikin bargo da tsakar dare. Darasin ƙauyen fim na Kofa yana nan: a 2016 gwamnatin tarayya ta zo da shiri na biliyoyin naira daga sama, ba a zauna da mutanen gari ba, malamai suka yi ca, aka janye. Kakar daɓe kada ta bi wannan hanya. Ta fara ƙarama, daga unguwanni, a gayyaci limami da mai unguwa su zauna a sahun gaba tun ranar gwaji, su faɗi abin da suka gani.

Damuwar da ta fi girma a wurina ta masu mulki ce. Hukumar tace finafinai ta jihar Kano tana nan tun 2001, kuma tarihin dangantakarta da masu barkwanci ba mai daɗi ba ne; Ibro kansa ya shiga gidan yari a 2008. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Marubucin da ya ga haka zai riƙa tauna kowace kalma har wasan ya zama lami. Ban ce a bar ƙazafi ko cin zarafin wani da sunansa ba, doka ta riga ta tanadi hukuncinsu. Abin da nake nema shi ne ƙa'ida a rubuce, wadda kowa zai karanta: a duba rubutun wasa sau ɗaya, a ba da amsa cikin kwanaki ƙididdigaggu, in an hana a faɗi dalili a takarda. Kuma kwaikwayon kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, a matsayin kujera ba mutum ba, kada ya zama dalilin hani. Wanda ya nemi kujerar jama'a ya karɓi gautar da ke tare da ita.

Saura wuri da kuɗi. Ni da wasu abokai mun taɓa neman zauren da za mu yi wasa na kwana uku. Duk inda muka je amsar ɗaya ce: Juma'a da Asabar da Lahadi na masu biki ne har watanni masu zuwa, kuɗin kuma na masu biki ne. Wani manaja ya tambaye mu wace ƙungiyar agaji ce ta ɗauki nauyinmu, da muka ce tikiti za mu sayar, sai ya rufe littafinsa. Mun haƙura a lokacin, amma na fito da fahimtar cewa ba gini muka rasa ba. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo da zaurukan taro. Makarantun gwamnati suna da zauruka da suke kulle duk lokacin hutu. Gidan Ɗan Hausa yana da fili. A Samaru, gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ƙasa aka gina shi, bisa fasalin gidan Bahaushe, kuma ya yaye 'yan wasa fiye da gine-ginen da aka kashe wa dukiya. Daɓe tabarma yake so da fitila da lasifika mai kyau.

Kuɗi kuwa, kada a jira gwamnati. Tikiti ya zama daidai da abin da matashi yake biya ya kalli wasan ƙwallo biyu ko uku a gidan kallo. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da suke ɗaukar nauyin shirye-shiryen rediyo za su iya ɗaukar nauyin dare ɗaya, a ambaci shagonsu kafin a buɗe labule. Sharaɗi biyu ne ba zan sassauta a kansu ba: kowace ƙungiya ta zo da wasan da ba a taɓa yi ba, kuma a biya marubuci kasonsa daga kuɗin ƙofa, a rubuta sunansa a jikin takardar talla. In babu na farko za mu koma maimaita tsofaffin wasanni kamar tashe. In babu na biyu, masu iya rubutu ba za su zo ba.

Lokacin da na fi ganin ya dace shi ne mako biyun da ke bin ƙaramar Sallah, bayan an gama hawan Daushe da na Nasarawa, dawaki sun koma turke. Mutane suna da sababbin kaya, yara suna da kuɗin barka da Sallah, baƙi daga Kaduna da Abuja da Maraɗi ba su gama komawa ba, kuma garin bai daɗe da fitowa daga tashe ba, kunne yana nan a buɗe. Shekarar farko ƙungiya shida sun isa: biyu daga cikin birni, ɗaya ta ɗaliban jami'a, ɗaya ta mata, ɗaya daga Zariya, ɗaya kuma a gayyato daga Damagaram su zo mana da Hausarsu. Abin da nake roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano shi ne ta buɗe filin Gidan Ɗan Hausa na yamma goma, ta sa a share, ta bar wa ƙungiyoyin kuɗin ƙofa.